Shinkafa Ba Ta Son Surutu

Ajin da nake koyarwa yana da taga ɗaya da ba ta rufuwa, kuma ta nan ƙamshin yake shigowa. Da hantsi, idan iska ta juyo daga bayan makaranta, sai tururin gumin shinkafa ya tsallako katanga ya same ni ina tsaka da bayanin wani abu da ni kaina ban tabbata yaran za su taɓa buƙatarsa ba. Wanda bai tashi a ƙasar shinkafa ba, sai in ce masa ƙamshi ne tsakanin na jiƙaƙƙen buhu da na sabon tuwo, da ɗan ƙaurin ɓuntu a ƙarƙashinsa. A da, idan na shaƙe shi yunwa nake ji. Yanzu kunya nake ji, har alli ya tsaya mini a jikin allo, yara su ɗauka darasin ne ya kakare wa malam.

Mai karatu, zan gaya maka dalili, amma sai ka bari na fara ta gidanmu.

Ƙauyenmu yana tsakanin Kura da Bunkure, a bakin kanal, hanyar ruwan da aka haƙa don noman rani. Na buɗe ido na tarar ruwan ya riga ya iso. Manya kan ba da labarin zamanin da rani yake rani, ƙasa ta tsage, maza su tafi cirani, mu kuwa muna jin su kamar masu tatsuniya. Shekararmu ba ta da hutu. A girbe shinkafar damina, a dasa tumatir da albasa, a kwashe, a sake sakin ruwa a yafa iri. Babana manomi ne kamar baban kowa. Inna tana fama da mu a jere. Sai Gwaggo, yayar babana, wadda ta dawo gidan bayan rasuwar mijinta tun ban yi wayo ba, aka ba ta ɗakin da ke kusa da rumbu da filin da ke gabansa. Allah bai ba ta haihuwa ba. Ya ba ta tukunya, ya kuma ba ta haƙori.

Sana'arta gumi. Shinkafa idan aka kawo ta daga gona shanshera ce, tana cikin rigarta. Kafin a kai ta inji a cashe, sai an wanke ta an kwashe marar ƙwayar da ke tasowa saman ruwa, a jiƙa ta a ruwan zafi ta kwana, a tsame, sannan a zuba a rabin duro da ruwa kaɗan a ƙasa, a rufe da buhu, a hura wuta tururi ya ratsa ta har ɓawon ya tsage. Daga nan sai shanya. Kowane mataki yana da inda ake ɓata shi, amma shanya ce mai yanke hukunci. Idan ba ta bushe ba inji ya dame ta. Idan ta wuce bushewa ya kakkarya ta, mai ita ta aika kasuwa da tsaki a madadin shinkafa, kuma labarin ya riga buhun isa.

A nan haƙorin Gwaggo yake shigowa. Na gefen hagu ne, a sama, har ya yi ɗan gurbi daidai ƙwayar shinkafa saboda yawan aiki. Tun daga hantsi mata za su fara shigowa, ko su aiko, kowace da ɗan ƙulli a haɓar zane. Gwaggo tana zaune a tabarma a inuwar rumbu. Ta kwance ƙullin, ta zaɓi ƙwaya ɗaya daga tsakiya, ta murje ɓawon da farce, ta sa a gurbin, ta rufe ido. Ana jin ƙas, ko kuma ba a ji ba. Sai ta ce a ƙara mata rana zuwa azahar, ko ta ce a kwashe yanzu a ba ta inuwa ta huta kwana guda, ko ta buɗe ido ta dubi mai ita ta tambaye ta inda ta tafi yawo ta bar shanya. Ban taɓa jin an ce ta yi kuskure ba, ko da yake yanzu na san irin wannan shaidar ba ta wucewa a gaban masana.

Ba a biyanta. Abin da ake kawo mata goro ne da gaisuwa da labari. Wadda ta zo da ƙulli ba ta tashi da wuri, sai ta faɗi wa ya haihu, wa ya yi rikici a kan layin ruwa, tumatir ɗin wa ya ruɓe a kwando yana jiran mota. Matar da ba ta da ɗa, ba ta da miji, ba ta da gona, amma babu ranar da tabarmarta ba ta cika ba. Wannan shi ne abin da ta mallaka a duniya, kuma ina so ka riƙe shi a ranka, domin shi na taɓa.

Ni kuwa tun ina ƙarami Allah ya hore mini baki. Gwaggo ce ta raɗa mini suna Rediyo, ta ce bambancina da na babana shi ne nasa batir yana ƙarewa. Da na kai shekara bakwai ko takwas aka ɗora mini zuba mata ɓuntu, wato ƙaiƙayin shinkafa, a wuta, daga idar da sallar asuba zuwa lokacin tafiya makaranta, domin ita da sassafe take turarawa, kafin gida ya tashi. Mu biyu ne kawai a gindin duron. Ni ina zuba ɓuntu ina zuba tambaya. Me ya sa ruwan kanal ba ya ƙarewa? Kifi ya san a ruwa yake? In ba tambaya ba, to maimaita mata nake duk abin da malaminmu ya faɗa jiya, da gyare-gyaren da nake ganin ya kamata ya yi.

Wata safiya ta sanyi ina yi mata bayanin cewa duniya ce take juyawa ba rana ba, na ɗauko ƙwallon goruba ina misali, sai ta ɗaga hannu.

"Rediyo, ka ga tururi ya fara fitowa ta buhun nan?"

Na ce na gani.

"To, daga yanzu har a sauke ba a magana. Shinkafa buɗe baki take yi. Idan ta ji wani ya riga ta, sai ta yi fushi ta rufe, ta je inji ta karye. Shinkafa ba ta son surutu."

Inna tana wucewa da buta a lokacin. Na ga ta cusa gefen mayafi a baki ta yi ɗaki da sauri, na ce a raina lallai dokar tana da ƙarfi, har Inna tana toshe bakinta. Na yi shiru, shirun da ya fi mini azumi wahala, har aka sauke. Bayan kwana uku aka dawo da shinkafar daga inji, doguwa, fes, ba karyayya. Wannan shi ne gwajin kimiyya na farko da na halarta, kuma ya gamsar da ni gaba ɗaya. Daga baya akwai safiyar da atishawa ta ƙwace mini na ce alhamdu lillahi da ƙarfi, aka yi rashin sa'a wannan zubin ya ɗan karye. Na yi mako ina ɗauke da laifin a ciki, ban gaya wa kowa ba.

Za ka ce yaya aka yi ban gano ba har na girma. Ka tuna ni namiji ne. Da na fara tsawo aka daina barina shiga gidajen mutane, kuma gumi a cikin gida ake yinsa. Duron da na sani a duniya ɗaya ne, na Gwaggo, kuma a gindinsa shiru ake yi. Da aka zo aka fara jera duro-duro a fili kusa da injuna, ƙungiyoyin mata suna turarawa tare, na wuce a kan babur na ji hira da shewa suna tashi tare da tururi, ban yi shakkar dokar ba. Girgiza kai na yi, na ce shi ya sa shinkafar zamani take karyewa.

Akwai kuma abin da na yi a makarantar kwana, wanda gara in faɗa da bakina. Malamin aikin gona ya zana mana hoton wata na'ura a allo, ya ce a ƙasashen da suka ci gaba da ita ake auna danshin hatsi. Na ɗaga hannu na ce mu ma muna da tamu a gida, sai dai tana cin goro. Na karkace muƙamuƙi, na rufe ido, na ce ƙas. Aji ya tuntsire da dariya, har malamin. Shekara uku ina wannan wasa duk inda aka nema, ina dawowa hutu ina cin tuwon da haƙorin ya tantance. Ban ga wani saɓani a ciki ba. Yaro mai yawan karatu yana iya riƙe abu biyu a kansa ba su taɓa gaisawa ba: ina yi wa haƙorinta dariya, ina kuma imani da dokarta.

Na yi karatu, na dawo na kama koyarwa, na yi aure, na gina gefen gida. A 'yan shekarun nan ne abubuwa suka fara sauri. Injin ban-ruwa mai shan fetur ya fara ba wa na hasken rana wuri, gona ta yi tsit sai ƙarar ruwa. Dillalin tumatir da ake jira a bakin titi ya koma cikin waya. Na ga ƙaramin jirgi marar matuƙi yana feshi a gonar wani alhaji a hanyar Garun Mallam, tsofaffi sun jeru a kan gaɓar kanal suna kallo hannu a baya kamar masu ta'aziyya. Manyan injuna suka samu ido, suna tsince baƙar ƙwaya da tsakuwa da kansu. Ni duk wannan daɗi yake mini. Ina cikin masu yi wa mutane bayani a majalisa, ko an tambaye ni ko ba a tambaye ni ba.

Sai wani abokin karatuna ya kira ni daga birni. Ya ce kamfanin da yake wa aiki yana haɗa wata manhaja ta waya, mai aiki da abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira. Mutum zai yi mata tambaya da baki da Hausa, ta amsa masa da baki, ko da bai taɓa riƙe biro ba. Matsalarsu ita ce da littattafan waje suka ciyar da ita, tana ta ba matan Kura shawara da ma'aunin zafi da agogo. Suna neman wanda zai tattaro musu ilimin gumi yadda ake yinsa a ƙasa, da maganar masu yinsa. Ya ce ni na fara faɗo masa a rai, wai saboda wasan da nake yi a makaranta.

Ban gaya wa Gwaggo gaskiya ba. Na ga bayanin zai yi tsawo, ni da ban taɓa tsoron dogon bayani ba. Ce mata na yi ina so in ɗauki muryarta a waya, domin jikokin gidan nan su ji ta ko bayan ranta. Ta ce in dawo gobe. Da na dawo na tarar ta yi wanka, ta sa kwalli, ta ɗauko sabon mayafin da take ajiya a ƙasan akwati. Na ce mata murya kawai za a ɗauka, ba hoto. Ta ce ta sani, amma ba a zuwa gaban jikoki da tsumma.

Hutun bazara ne, zafi ya kai inda ya kai, muka yi kwana shida muna zama a inuwar rumbu. Ta juye mini komai. Ruwan jiƙo, ta ce, zafinsa shi ne yatsa ya shiga amma kada ya iya zama a yi sallama a amsa. Turare ya yi idan tsakiyar buhu ta jiƙe, ƙamshi ya juya daga na ciyawa ya koma na tuwo. Shanya kuwa a taka da ƙafa, idan ta yi kuka a ƙarƙashin sawu an kusa, kuma kada a kai ta inji da zafin rana a jikinta, sai ta kwana a inuwa. Ta bayyana mini ƙarar cizo kala huɗu, da abin da kowace take nufi. Lokaci lokaci takan matso da bakinta kusa da wayar ta ce, kuna ji ko, ku riƙe. Ni ina gefe ina duba ko batir zai kai.

Na zauna na rubuta komai tsaf, na tsara shi babi-babi. A ƙarshen takardar da za a cike akwai wani gurbi da aka tambayi daga wa aka samo bayanin. Na fara rubuta Gwaggona. Na tsaya ina kallon kalmar. Abokina ya turo mini misalin yadda wasu suka cike nasu, duk daktoci ne da cibiyoyi, sai tawa ta yi mini kama da marar takalmi a cikin taron masu kwat. Na goge. Na rubuta cewa binciken da na gudanar ne, na sa sunana, na jera masa haruffan digirina a baya. Babu wanda ya matsa mini. Babu ma wanda zai duba. Ni kaɗai ne a ɗakin, da fanka.

Ina bitar ƙarshe sai na lura da giɓi. A duk kwana shidan Gwaggo ba ta ambaci dokar shiru ba. Na ji tausayinta, na ce tsufa ya fara taɓa ta, ta manta babban ginshiƙi. Sai na cike mata. Na ma yi wa dokar riga ta boko, na ce hira tana raba hankali, tana sa a riƙa ɗaga buhu tururi yana tserewa. A cikin shafi arba'in da wani abu, wannan sakin layi kaɗai ne nawa na kaina, kuma da shi na fi alfahari.

Manhajar ta fito da kaka. Muryar wata yarinya ce, mai sanyi, ba ta gajiya, ba ta tambayar inda ka tafi yawo. Ta bazu daga waya zuwa waya. A daidai wannan lokaci masu inji suka fara ajiye na'urar auna danshi a bakin ƙofa, irin wadda aka taɓa zana mana a allo, a zuba ƙwaya kaɗan ta nuna lamba. Ba zan ce ni kaɗai na kwashe wa Gwaggo mutane ba, kuma na daɗe ina fakewa da wannan. Amma na'ura lamba kawai take bayarwa. Mai cewa a ƙara rana, a ba ta inuwa, a yi kaza gobe, ita ce yarinyar cikin waya, kuma da bakin Gwaggo take faɗa.

Ƙulli ya fara raguwa. Daga cikar tabarma aka koma mutum huɗu, aka koma biyu, aka koma ranar da babu kowa. Gwaggo ba ta fasa share wurin ba. Kullum da hantsi sai ta shimfiɗa tabarmar, ta zauna a gefe guda ta bar sauran fili. Wata rana ta tambaye ni ko mutane sun daina noman shinkafa ne. Na ce mata zamani ne, Gwaggo. Na ma ɗan yi mata bayani a kan zamani.

Ranar da abin ya fito Asabar ce. Na shiga gaishe ta, ina tsugune, sai ga matar mai gyaran inji ta yi sallama. 'Yar Filato ce, Kirista, ta zo garin tana amarya ta tsufa a cikinsa, kuma a wurin Gwaggo ta koyi gumi. In dai baki ne, ita kaɗai nake sara wa a unguwar. Ba ƙulli ta kawo ba, waya ce a hannunta.

"Gwaggo, ki raba ni da matar ɗana. Shekara nawa ina gumi, yau yarinya ta ce in rufe bakina a gindin durona, wai waya ta hana."

Gwaggo ta ce a kunna ta ji. Ni kuwa na so in tashi, amma tashi a lokacin ya fi zama tona asiri. Matar ta kai wayar baki ta tambayi yadda ake turara shinkafa, yarinyar ta fara. Yatsa ya shiga amma kada ya iya zama a yi sallama a amsa. Gwaggo ta gyaɗa kai. Ƙamshi ya juya daga na ciyawa ya koma na tuwo. Ta sake gyaɗawa, ta ce yarinyar nan 'yar gidan mutunci ce, an koya mata, sai dai ba ta gaisuwa. Har na fara samun numfashi. Sai muryar ta ci gaba, da natsuwarta, ta ce daga lokacin da tururi ya fara fitowa ta buhu har a sauke, a yi shiru, domin shinkafa ba ta son surutu. Rigar bokon da na ɗinka wa dokar ba ta iso ba. Na'urar ta tuɓe ta ta yar a hanya, ta kawo maganar tsirara yadda aka gaya mini ita ina ɗan shekara bakwai.

Gwaggo ta ce a maimaita wurin. Aka maimaita. Ba ta dube ni ba, wayar take kallo.

"Wannan maganar, mutum ɗaya na taɓa gaya wa a duniya."

Matar ta tambaya ko gaskiya ce.

"Ƙarya ce. Na yi ta ne don in samu in ji kunnena da safe. Je ki yi hirarki, 'yar nan, shinkafa ba ta da kunne."

Matar ta yi dariya har ta dafa rumbu. Can ta lura ita kaɗai take yi. Ta dube ni, ta dubi Gwaggo, ta tura wayar cikin zane, ta ce ta bar wuta a gida.

Muka saura mu biyu, kamar a gindin duro. Tun da na fara koyarwa Gwaggo take kirana Malam, kuma da shi ta fara.

"Malam, jikokin da ka ce, su ne waɗannan?"

Na fara kame-kame. Na ce amfanin jama'a ne, na ce ilimi ba ya ɓata idan an adana shi, na ce mata dubu da ba su da mai gaya musu yanzu sun samu. Duk gaskiya ne, kuma duk ba amsa ba ce. Ta bari na gama. Sannan ta ce abin da ta faɗa ba nata ba ne, a wurin uwar mijinta ta samu, ita ma ba ta ɓoye mata ba. Ta ce da na gaya mata wa mutane zan kai, da ta ƙara mini abubuwan da ta tsallake don ta ɗauka yara ne za su ji.

"Amma ai dole sun tambaye ka. Ko karatun allo ana cewa a wurin wa aka yi. Da suka ce wa ya gaya maka, me ka ce?"

Mai karatu, na karanta littattafai da yawa a kan yadda ake amsa tambaya. Ina da makin jarrabawa da ke shaida haka. Na dubi tabarmar, na dubi wurin da ta bari babu kowa, ban sami ko kalma ɗaya ba.

"Ikon Allah," in ji ta. "Yau ga Rediyo ya yi shiru, ba a ɗora tukunya ba."

Washegari na rubuta wa abokina, na faɗi komai, na roƙi abu biyu: a cire dokar, a kuma gyara gurbin nan a sa ita. Na farkon an yi, bayan wasu makonni. Na biyun ya ce zai gyara a takarda idan hakan zai kwantar mini da hankali, amma takardar tana cikin wani rumbun ajiya da ba mai buɗewa, kuma manhajar ba ta san waye ya gaya mata me ba. Ta haɗiye bayanin ta narkar da shi tare da na kowa. Na ce a gyara duk da haka. Na je na gaya wa Gwaggo an sa sunanta. Ta tambaya ko wanda aka sa wa suna a can ana zuwa gaishe shi. Na ce a'a. Ta ce to.

Dokar kuwa an cire ta daga waya, amma ba ta fita daga gari ba. Ta riga ta yi saiwa. Matata ce ta gaya mini abin da ban taɓa sani ba saboda ban taɓa shiga ba, cewa a gidajen mutane lokacin turare shi ne lokacin hira, domin hannu ya huta, wuta tana aikinta, ba inda za a je. Nan ake sasanta waɗanda suka yi faɗa, nan amarya take samun bakin faɗin abin da ke damunta. Yanzu a gidaje da yawa shiru ake yi. Matar mai gyaran inji tana yawo tana ƙaryata dokar da dukan ƙarfinta, ana ce mata ita da ma ba ta iya shiru ba. Kwanan baya na tsaya a filin da ke bayan makarantarmu inda mata suke gumi, na yi sallama ina so in yi musu bayani, sai wata budurwa ta sa yatsa a leɓe ta nuna mini buhu yana tururi. Na jira aka sauke, na ce musu wannan doka ba ta da asali. Wata ta ce, Malam, wannan tun kakanni haka ake yi.

Haƙorin ya faɗi da daminar bara, tana cin rogo. Ta naɗe shi a tsumma ta sa a ƙasan akwati, inda mayafin yake.

Ina da 'yar gona a ƙarshen kanal, matata tana yin gumin abin da muka samu. Duk zubin da aka shanya, nakan bi ta inji a auna mini, a rubuta lambar a takarda in sa a aljihu, domin hali ba ya sakina. Sannan in ƙulla ɗan kaɗan a hankici in kai wa Gwaggo da hantsi. Yawancin ranaku ni kaɗai ne a tabarmar. Ta kwance, ta zaɓi ƙwaya daga tsakiya, ta murje ɓawon da farce, ta miƙo mini. In sa a haƙorin hagu in ciza, ita ta karkato da kunne, amma kunnen ma ya yi nauyi.

"Faɗi mana, Rediyo. Me ta ce? Yanzu nake son surutun."

Ni na rubuta ƙarar cizo kala huɗu da hannuna, na sa wa kowace lamba da kanu. A bakina duk ɗaya suke. Takardar masu inji tana aljihuna da amsar a jiki, ban taɓa fito da ita a gabanta ba. Sai in ce ban gane ba, Gwaggo, ƙara mini wata. Ta ƙara, in ciza, ta yi mini faɗa, ta tambaye ni labarin gari, in ba ta, har rana ta cinye inuwar rumbu mu ja tabarma.